Nasiha ga Samarin Damargu a kan Garkar Tumatir ta Cikin Gida

Ya ku ƴaƴana samari da ƴan matan Damargu, na Tanut da na Belbeji, da na Gangara da Olelewa da Falanko da sauran garuruwan da ke tsakani, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, a ƴan shekarun nan na ga da yawa daga cikinku suna kewaye ɗan wuri a bayan ɗaki ko a gefen rijiya suna dasa tumatir, abin da ya faranta mini rai ƙwarai, sai dai kuma na lura mafi yawan waɗannan garake ba sa kai wata uku sai ka tarar ganye ya naɗe, fure ya kakkaɓe, darni ya faɗi, akuya tana kiwo a ciki, mai garkar kuwa ya wanke hannunsa yana cewa ai ƙasarmu ce ba ta karɓi tumatir ba. Wannan hukunci zalunci ne aka yi wa ƙasa, domin na ci tumatir mai kyau da aka noma a cikin rairayin nan namu, kuma na san inda illar take, tun da ni kaina na faɗa cikinta kafin a haifi mafi yawanku.

Ku sani mu mutanen gero ne, kuma iliminmu na noma duk a makarantar gero muka karanta shi. Tun kafin zuwan Nasara ayarin Abzinawa ke saukowa da raƙuma su yi lodin hatsinmu zuwa Agadas da duwatsun Abzin, har Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya yi wa kansa suna Abdulkarim, da ya ratsa Damargu a watan Janairu na 1851 ya tarar ƙasar ita ce rumbun mutanen arewa. A 1961 gwamnati ta yi dokar da ta shata iyakar noma ta arewa, iyakar nan kuwa ba ta da nisa da mu, wato mu ne a bakin gaɓa, ruwan saman da muke samu a shekara bai cika haura milimita 300 ba. Sai bayan farin 1973 da 1974, musamman kuma na 1984, lokacin da Shugaba Seyni Kountché ya matsa wa jama'a su rungumi noman rani, sannan garka ta fara zama abin magana a wurare irin namu. Gero kuwa ya koya mana ɗabi'u biyu: faɗaɗa gona, da jiran sama. Manomin gero yana shuka eka da yawa domin in wani gefe ya ƙi wani ya yi, yana kuma iya barin gonarsa kwana goma bayan noman farko ya dawo ya same ta tana jiransa, domin gero mai haƙuri ne, mai yafe gafala. Tumatir ba haka yake ba. Baƙo ne, asalinsa daga ƙasashen Amurka ta Kudu, Sifaniyawa suka ƙetarar da shi Turai a ƙarni na 16, daga baya ya iso mana, bayan kakanninmu sun daɗe suna miya da kuka da kuɓewa da yakuwa da daddawa ba su san shi ba. Wanda ya sauki baƙo ya ce zai ciyar da shi yadda yake ciyar da ɗan gida, to kada ya yi mamaki in baƙon ya kama hanya.

Shekarar da na fara, ina saurayi mai jin ƙarfi, na je Damagaram na ga garaken Mirya sun yi kore shar, na dawo da iri cikin ƙullin tsumma, na share fili babba na dasa tushe wajen ɗari biyu, ina lissafin kwanduna nawa zan kai kasuwa, alhali ban taɓa zama na lissafa guga nawa zan ja ba. Mako uku na farko abin gwanin sha'awa, domin ƙananan dashe ba su da ƙishi. Da suka girma suka fara fure sai buƙatarsu ta ninka, rijiya kuma ta cika da masu dabbobi, in na ba gabas ruwa yau sai yamma ta jira jibi, na yi ta rabon abin da bai isa ba har duk suka taru suka lalace tare, ban sami abin da ya cika ƙwarya biyu ba. A wannan shekarar wata tsohuwa maƙwabciyarmu, Allah Ya jiƙanta, tana da tushe goma sha biyu rak a bayan madafinta, ita ce ta riƙa aiko wa mahaifiyata tumatir har ƙarshen sanyi. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar da na ga ƙwaryarta ta shigo gidanmu ba.

Saboda haka sharaɗi na farko, wanda duk sauran suke rataye a kansa, shi ne ka auna ruwanka kafin ka auna filinka, kuma ma'aunin da za ka yi amfani da shi shi ne ruwan ranar da ta fi kowace tsanani, ranar da famfo ya tsaya ko layin rijiya ya yi tsawo ko jakin gida ya yi ciwo. Ga lissafin a sauƙaƙe. Tushe ashirin suna cin fili kamar murabba'in mita takwas, kowane murabba'in mita kuma yana son kusan lita biyar a yini, ya fi haka in ƴaƴa sun kama kuma iska ta fara ɗumi, wato ka ƙaddara lita arba'in zuwa sittin kullum. In muka tsaya a hamsin, bido biyu ke nan na lita 25, kuma daga dashe zuwa tsinkar ƙarshe kusan kwana 120 ne, jimla bido 240. To, wanda ya san a unguwarsu sayen ruwa ake yi, ko rijiyarsu gaba da yawa ce sai da dabba ake ja, ya dubi wannan adadi da idon basira, in ya ga bido ɗaya kaɗai zai iya lamuncewa to ya dasa tushe goma, babu aibi a cikin haka. Mutanen kwarin Tarka da waɗanda ke kusa da tafkin da ke daɗewa bai ƙafe ba suna da sauƙi a kan na tudu, su ma dai kada tafkin watan Nuwamba ya ruɗe su, su tuna yadda yake komawa a Fabrairu.

A cikin gida akwai ruwan da ke zuba banza kullum wanda zai rage maka rabin wannan nauyi. Ruwan alwala na mutum biyar sau biyar a yini ba kaɗan ba ne, haka ruwan wankin gero da na ɗaurayar ƙwarya, kuma malamanmu sun hana israfi da ruwa ko da a wurin ibada, balle a bar shi ya bi rariya ya zama matattarar sauro. A ajiye tasa a wurin alwala a tara. Amma kamar yadda duk wanda ya buɗe littafin Ahalari ko na Ishmawi ya san ba kowane ruwa ke halatta a yi tsarki da shi ba, haka ba kowane ruwa tumatir ke sha ba: ruwan wankin tufafi mai garin sabulu, da ruwan da aka jiƙa kanwa, da na rijiya mai ɗanɗanon gishiri, duk suna tara gishiri a gindin shuka sannu a hankali, alamarsa wani farin ɓawo a saman ƙasa da ƙonewar bakin ganye. Wata dabara kuma da na jarraba na ga fa'idarta ita ce a binne tulun ƙasa, irin mai tsatsafo, har wuya a tsakiyar tushe huɗu, a cika shi a rufe bakinsa, sai ruwan ya riƙa fita ta jikinsa kaɗan-kaɗan daidai inda saiwa take, rana da iska ba su sami rabonsu ba.

Sharaɗi na biyu lokaci ne, kuma a nan ne masu gaggawa da masu nawa suke haɗuwa cikin hasara guda. Furen tumatir ba ya ɗaukar ciki in zafin rana ya haura digiri 35 kuma dare bai huce ba, sai ka ga tushe lafiyayye kore, furanni suna fitowa suna bushewa suna zuba, mai shi yana ta ƙara taki yana zargin maita, alhali Afirilu ce kawai ta iso, wadda a wurinmu zafinta kan wuce digiri 40. Taga ɗaya muke da ita, ita ce sanyi. A zuba iri a watan Oktoba, ko farkon Nuwamba in an makara, lokacin da ake ɗaurin damman gero, domin fure ya faɗo cikin Disamba da Janairu, a yi ta tsinka har zuwa Maris. Wanda ya bari sai ya ga tumatirin wani ya nuna sannan sha'awa ta kama shi ya je neman iri a watan Janairu, wannan bazara zai noma wa.

Game da iri, Roma shi ne aka fi sani a kasuwanninmu, mai ƴaƴa dogaye masu tsoka da ƙarancin ruwa, ga jure tafiya ga kyau wurin shanya, in ka ga an rubuta VF a gaban sunansa to alama ce yana jure wasu cututtuka biyu na cikin ƙasa masu sa shuka ta yanƙwane. Akwai kuma Icrixina, wanda masu bincike na cibiyar ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai suka tace, ya fi Roma jure zafi, shi ya dace da wanda ya makara ko mai son gwada damina. Waɗannan biyun ana iya cire iri daga ƴaƴansu a ajiye: a zaɓi ɗa nunanne daga tushe mafi lafiya, a matse cikinsa a ƙoƙo a bar shi kwana biyu ya yi tsami domin yauƙin ya rabu da ƙwayar, a wanke, a shanya a inuwa, a zuba a kwalba da ɗan toka. Amma irin da aka rubuta F1 a takardarsa aure ne na iri biyu, yana ba da yabanya mai kyau shekarar farko, jikokinsa kuwa ba sa kama da shi, don haka sayensa ake yi kowace shekara. Kada kuma ka sayi da yawa, giram ɗaya yana ɗauke da ƙwaya wajen ɗari uku, ya ishe ka ya ishi abokanka biyar.

Reno ba shi da wuya. A yi ɗan komi a wuri mai samun ranar safe, ko a cika tsohuwar tasa mai huda da ƙasa da ruɓaɓɓen taki, a ja layi da yatsa a jera iri ba zurfi, a rufe da ƴar ciyawa har ya tsiro, in da tsohon gidan sauro a lulluɓa masa saboda ƙwari da kaji. Bayan kwana 25 zuwa 30, in ya yi ganye huɗu ko biyar kuma kararsa ta yi kauri, a cire shi da ƙasar gindinsa a dasa da la'asar sakaliya, a nutsa shi har kusa da ganyen farko domin karan da aka binne yakan fitar da sabuwar saiwa, a bar tazarar kamu ɗaya tsakanin tushe da tushe.

Ƙasarmu rairayi ce, ruwa na ratsa ta kamar rariya, maganinta kuwa yana nan jibge a garken kowane gida, domin in akwai abin da Damargu ba ta rasa ba to kashin awaki da tumaki da shanu ne. Sai dai ɗanyen taki wuta ne, yana ƙona saiwa yana kiran gara, wajibi ne a tara shi a rami tun damina tare da toka da sharar tsakar gida, a riƙa yayyafa masa ruwa ana juyawa har ya yi baƙi ya daina wari, sannan a zuba cikin tafi biyu a kowane ramin dashe, a ƙara wani in fure ya fara. Kada a cika shi har ya wuce kima, domin tumatirin da ya ƙoshi da yawa ganye yake yi ya manta da ƴaƴa. Kafin dashe kuma a tsayar da darni na karan gero ko zana mai ƙarfi, musamman ta gabas da arewa inda hunturu ke bugowa, domin iskar nan mai ƙura tana shanye ruwan ganye tana karya reshe, darnin kuma shi ne tsakaninka da akuyar maƙwabci, wadda ta raba zumuncin da ya fi garka daraja. A shimfiɗa ƙaiƙayi ko busasshiyar ciyawa a gindin kowane tushe don ƙasa ta riƙe laima, ana ɗagawa lokaci-lokaci a duba gara.

Yanzu na zo ga abin da na fi so ku riƙe, wato dawwama a kan aiki. Da yawa daga cikinku sun kawo mini tumatir mai baƙin tabo a ƙasansa, busasshe kamar fata, suna tambaya wace cuta ce kuma wane magani za a fesa. Babu maganin fesawa, domin ba ƙwaro ba ne. Ɗan tumatir yana gina jikinsa da wani sinadari da ake kira kalsiyam, sinadarin kuwa ba ya hawa daga ƙasa sai cikin ruwan da saiwa ke ja, in aka bar shuka da ƙishi kwana biyu sai ƙarshen ɗan, wanda ya fi nisa da reshe, ya rasa rabonsa ya mutu, in kuma aka zo rana ta uku aka malala ruwa don a rama, sai waɗanda suka kusa nuna su kumbura su tsage. Ban-ruwa ba ya karɓar ramuwa. Kaɗan kullum a kan lokaci guda, da sassafe bayan asuba ko da yamma, a gindi ba a kan ganye ba, ya fi mai yawa jefi-jefi, kuma wanda ya san zai yi tafiyar kwana uku cin kasuwa ko biki to ya wakilta wani amintacce tun kafin ya ɗaura kaya. Na ji wani yaro yana cewa shi ya dasa ya yi tawakkali, na ce masa tawakkali na gaskiya yana bayan riƙon sababi, guga kuwa sababi ne.

Ina kuma gargaɗinku da abin da kuke gani a wayoyinku, inda ake nuna manoman Turai suna tsige rassa da ganye har tushe ya koma sanda guda. Wancan iri ne dabam mai hawa igiya, a ƙasar da rana ke da tsada. Roma gajere ne mai tsayawa da kansa in ya kai iyakarsa, ganyensa kuma shi ne laimar ƴaƴansa, in ka tsige shi ranarmu za ta dafa su su yi fari a gefe guda. Abin da ake bukata kawai a kafa masa ƴar sanda a ɗaure da tsumma don ƴaƴa kada su kwanta a ƙasa, a cire ganyen ƙasa da ya tsufa.

Maƙiya kuwa suna da yawa, mai garka ya zama mai duba bayan ganye kowace safiya. Mafi sharrinsu wata ƴar tsutsa ce da masana ke kira Tuta absoluta, ita ma daga Amurka ta Kudu, ta shiga Sifaniya a 2006, aka gan ta a Nijar a 2013, a 2016 kuma ta yi wa manoman Kano da Kaduna ɓarnar da ta sa tumatir ya gagari talaka, har masana'antar tumatir ta Dangote da ke Kadawa ta tsaya don rashin abin sarrafawa. Tana shiga tsakanin fatar ganye ta sama da ta ƙasa tana ci, sai ka ga wani farin fili kamar takarda, daga nan ta huda ɗan. A garka ƙarama hannu ya fi kwalba: a tsinke duk ganyen da ta shiga a ƙone. Akwai farin ƙuda ƙanƙane mai tashi in an girgiza shuka, shi ke kawo ciwon da ke naɗe ganye ya tsugunar da tushe, wanda ya kamu ba ya warkewa, a tuge shi tun bai shafa wa sauran ba. Don rigakafi a daka ƴaƴan bedi busassu kamar rabin kilo, a jiƙa a lita goma na ruwa ya kwana, a tace, a fesa da yamma sau ɗaya a mako har bayan ganye. Amma maganin da ake sayarwa a tallar kasuwa cikin kwalba marar takarda, ko wanda aka yi domin auduga, ina roƙonku da girman Allah kada ku kusantar da shi ga abin da ƙannenku za su tsinka su ci ɗanye. In kuwa ka tuge tushe ka ga saiwarsa ta yi ƙulle-ƙulle kamar carbi, wata tsutsa ce da ido ba ya gani, mai son rairayi, badi kada ka maimaita tumatir a wurin, haka gauta da yalo da barkono da tattasai domin duk dangi ɗaya ne, ka sa albasa ko masara.

Kamar wata biyu zuwa biyu da rabi bayan dashe za ka fara tsinka, kuma za ka ga abin da kowane mai garka ya sani, wato tumatir yakan nuna gaba ɗaya a lokacin da na kowa ya nuna, ranar da kwando ba shi da daraja a kasuwar Dole ta Damagaram balle a tamu. Kada ka damu da wannan, tun da ba don kasuwa ka dasa ba. Abin da ya fi ƙarfin tukunya a yanka shi biyu a shanya a kan tabarma mai tsabta bisa rumfa, nesa da ƙasa da kaji, busasshiyar iskarmu da ta wahalar da kai wata huɗu ita ce za ta mayar maka da shi kauɗa cikin ƴan kwanaki, ka adana a buhu a wuri marar laima, uwarka ta daka ta yi miya da shi a tsakiyar damina, lokacin da wasu ke ƙirga kuɗin tumatirin gwangwani. A mazhabarmu ta Imamu Malik babu zakka a kan kayan lambu irin wannan, sai dai haƙƙin maƙwabci yana nan, musamman wanda ya ɗaure akuyarsa saboda kai.

To, ƴaƴana, bana kada kowa ya wuce tushe ashirin. Ku haƙa ramin taki tun ruwa bai ɗauke ba, ku ware karan darni ranar da aka gama yankan gero, ku ƙirga bidonku, iri kuma ya shiga ƙasa kafin Nuwamba ta yi nisa. Wanda ya kai Maris da tushensa ashirin a raye, ya zo mu zauna mu yi maganar arba'in.